Ƙarin Girman Injiniyoyi A Indiya: Ina Rabon Ɗan Talaka?

Jama'a, yau za mu kai ku nesa, can ƙasar Indiya, domin akwai wata rigima da a ke yi wadda ya kamata kowane talaka da ya sa ɗansa makaranta ya san da ita. Rigimar kuwa ita ce ta ƙarin girma ga injiniyoyin gwamnati, watau masu shimfiɗa hanya, da gina gada da madatsar ruwa, da jawo famfo da lantarki. An fi shekara 60 ana jan ta tsakanin majalisa da kotu, har yau ba ta mutu ba. In gurbi ya samu a sama, wa za a ɗora? Wanda ya riga shiga aiki, ko wanda ya fi takarda, ko kuwa wanda aka danne iyayensa da kakanninsa saboda asalinsu? Mu dai muna bayan wanda aka danne, amma da sharuɗɗa, za mu kuwa faɗi dalilanmu filla-filla.

YADDA ABIN YA FARO

Bisa tsohuwar al'adar Hindu mutane aji huɗu ne: malaman addini, sai mayaƙa da masu sarauta, sai 'yan kasuwa, sa'an nan masu yi wa sauran hidima. Ƙarƙashin waɗannan akwai waɗansu da ba a ma sa su cikin lissafi ba, su ne masu jima, da masu shara, da masu jan mushe, da masu kwasar bayan gida. Ba a taɓa jikinsu, ba a cin abinci da su, ba sa ɗiban ruwa rijiya ɗaya da kowa. Yau suna kiran kansu Dalit. Mu ma nan mun san sana'ar gado, mun kuma san gidan da ba ya ba wanzami ko mahauci aure, amma nasu ya wuce nan nesa. A 1927 sai da Dakta Ambedkar, wanda shi ma Dalit ne, ya ja dubban mutane zuwa wani tafki na kowa da kowa a garin Mahad don su sha ruwa kawai. Da suka watse, sai manyan gari suka zo suka yi wa tafkin tsarki, wai an ƙazantar da shi.

Shi Dakta Ambedkar ɗin nan ne ya shugabanci kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin Indiya, wanda ya fara aiki ran 26 ga Janairu, 1950. Sashe na 17 ya haramta ƙyamar taɓa mutum, sashe na 16 kuma ya ba gwamnati iko ta keɓe gurabe a aikinta ga jama'ar da aka bari a baya. Ƙidayar 2011 ta nuna Dalit sun kai kashi 16.6 cikin 100 na mutanen ƙasar, ƙabilun daji da na duwatsu kuma kashi 8.6. A wajen ɗaukar aiki na gwamnatin tarayya an keɓe wa Dalit kashi 15, ƙabilu kashi 7.5. Daga baya aka ƙara kashi 27 ga waɗansu azuzuwan da su ma su ke baya, sa'an nan a 2019 aka ba matalauta daga cikin manyan azuzuwa kashi 10.

Wannan duk maganar bakin ƙofa ce, watau shiga aiki. Inda aka fi kai ruwa rana shi ne hawa bene bayan an shiga. Aikin injiniya a gwamnatin Indiya tsani ne: ƙaramin injiniya, sai mataimakin injiniya, sai injiniya mai zartarwa, sai mai duba yanki, sa'an nan babban injiniya a ƙoli. Na ƙasa shi ke shan rana da awo da leburori. Na sama shi ke sa hannu a kan kwangila, shi ke cewa ga unguwar da famfo zai bi, ga ƙauyen da hanya za ta ratsa. In an bar ɗan Dalit ya shigo, amma aka tsare shi a matakin ƙasa har ya yi furfura, to, an gayyace shi biki ne aka bar shi a zaure.

MAJALISA TA ƊAURA, KOTU TA KWANCE

A 1961, cikin shari'ar wani ma'aikacin reluwe mai suna Rangachari, Kotun Ƙoli ta ce keɓe gurabe ya halatta har a wajen ƙarin girma. Haka aka tafi shekara 31. A 1992 alƙalai 9 suka zauna a shari'ar Indra Sawhney, suka ce a'a, kaso na bakin ƙofa ne kaɗai, suka ba da wa'adin shekara 5 a daina, suka kuma ce jimlar kason kada ta wuce rabi. Kafin wa'adin ya cika, a 1995, majalisa ta gyara tsarin mulki ta mayar da kaso a ƙarin girma, amma ga Dalit da ƙabilu kaɗai.

A shekarar nan ta 1995 injiniyoyin ma'aikatar ban ruwa ta jihar Punjab suka sami hukunci a shari'ar Sabharwal. Kotu ta ce a riƙa lissafin kaso bisa yawan kujerun da ke matakin gaba ɗaya. In kason ya cika an tsaya, duk kujerar da ta faɗi kuwa sai a cike ta da irin wanda ya bar ta. Wannan hukunci mun yarda da shi, domin mudu in ya cika ba a ƙara masa.

Sa'an nan sai maganar wa ke gaba da wa. A ce Wane ya shiga aiki shekara 4 kafin Wane, amma na bayan ya riga shi hawa saboda kaso. To, ran da na farkon ya hau ya tarar da shi, wa zai zama babba? Kotu ta ce na farkon ya koma gabansa, ai wanda ya riga ka barci shi zai riga ka tashi. Majalisa ta ce ba ta yarda ba, ta sake gyara tsarin mulki a 2001, ta ce wanda ya riga hawa ya riƙe girmansa. A 2006, cikin shari'ar Nagaraj, alƙalai 5 suka amince da gyare-gyaren, amma suka gindaya sharaɗi: duk gwamnatin da za ta ba da kaso a ƙarin girma sai ta kawo ƙidaya a rubuce da ke nuna mutanen nan suna baya, kuma ba su da isasshen wakilci, kuma aiki ba zai lalace ba. A 2018 kotu ta janye sharaɗi na farko, ta ce Dalit da ƙabilu ba sai an sake tabbatar da cewa suna baya ba. A 2022 ta ce ƙidayar wakilci a riƙa yin ta mataki mataki, kada a haɗa ma'aikata duka a tukunya ɗaya.

Ku dubi abin da ya faru a jihar Karnataka. A 1978 jihar ta fara ba Dalit kashi 15, ƙabilu kashi 3 a ƙarin girma. Injiniyoyin ma'aikatar ayyuka suka kai ƙara, suka ce na bayansu suna ta tsallake su. A 2017, cikin shari'ar Pavitra, Kotun Ƙoli ta rushe dokar jihar ta 2002, ba don komai ba sai don gwamnati ba ta yi ƙidayar da aka ce ta yi ba. Ma'aikata dubbai suka ga za a sauko da su daga kujerun da suka daɗe a kai. Sai a sa'an nan gwamnati ta farka, ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin wata babbar ma'aikaciya, Ratna Prabha, aka yi ƙidaya, aka yi sabuwar doka a 2018, kotu ta amince da ita a 2019. Tun 2006 aka faɗa musu, suka yi barci shekara 11, sa'an nan ƙaramin ma'aikaci ya kwana da zullumi. Laifin wa?

A jihar Uttarakhand kuwa abin ya sha bamban. A 2012 gwamnatin jihar ta yanke shawara za ta cike gurabe ba tare da kaso ba. Maganar ta taso a kan kujerun mataimakan injiniya na ma'aikatar ayyuka, ta kai Kotun Ƙoli. A 2020 kotu ta ce tsarin mulki izini ya ba gwamnati, bai tilasta mata ba, saboda haka ba wanda zai zo kotu ya ce sai an ba shi kaso a ƙarin girma. Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Gwamnatin da ke son ba da kaso sai ta kawo hujja buhu buhu, wadda ba ta so kuwa ko takarda ɗaya ba a nema a hannunta. Ma'aunin nan ya karkata.

KUKAN WANDA AKA TSALLAKE

Ba za mu ɓoye ba, wanda aka tsallake yana da abin faɗi. Ba kowane ɗan babban aji ne mai kuɗi ba. Akwai wanda uwarsa ta sayar da 'yan kunnenta ya yi karatu, ya yi shekara 15 yana bin rana, ran nan ya wayi gari yaron da ya koya wa riƙe ma'auni ya zama maigidansa. Bai taɓa hana kowa ruwan rijiya ba, kakansa ne ya hana. Wanda ya ce wannan ba ciwo ba ne bai san zuciyar ɗan Adam ba. Suna kuma cewa gada ba ta san asali ba, in an sa wanda bai iya ba za ta rushe da kowa da kowa.

Ga amsarmu. Da fari, kaso ba ya ɗauko mutum daga titi ya mai da shi injiniya. Wanda za a ƙara wa girma ta hanyar kaso, shi ma sai ya riƙe takardar da doka ta ce, ya kuma cika shekarun aikin da aka yanka. Cikin waɗanda suka isa a ke zaɓe. Gaskiya ne a shekarar 2000 majalisa ta ba da izini a sassauta maki ga Dalit da ƙabilu a jarrabawar ƙarin girma. Nan kam mu muna ganin a aikin da ran mutane ke rataye da shi, gara a ƙara wa mutum horo ya kai ma'aunin da a rage masa ma'aunin, domin ragin nan shi ke ba maƙiya abin gori har a kan wanda ya ci da ƙoƙarinsa.

Na biyu, wannan cancanta da a ke ta kira, wa ke auna ta? Ƙarin girma yana rataye ne da rahoton shekara shekara da maigida ke rubutawa a kan yaronsa. Da can ma a ɓoye a ke rubuta shi. Sai a 2008 wani injiniyan hanyoyin kan iyaka mai suna Dev Dutt ya yi nasara a Kotun Ƙoli. An rubuta masa «da kyau» a inda a ke bukatar «da kyau ƙwarai», ba wanda ya gaya masa, girma ya wuce shi. Kotu ta ce dole a nuna wa kowane ma'aikaci abin da aka rubuta a kansa don ya sami damar kare kansa. Shari'arsa ba ta asali ba ce, amma ta nuna yadda alƙalami ɗaya ke kashe mutum ba jini. To, in mai alƙalamin nan a gidansu har yau akwai kofi dabam na mai shara, ɗan mai shara zai sami «da kyau ƙwarai» a hannunsa? Ku 'yan kasuwa kun sani, mai mudu in ya so ka sai ya yi maka tozo, in ya ƙi ka ya shafe, duka kuwa awo ya ke kiransa. Alƙali Chandrachud ma, a hukuncin Karnataka na 2019, ya nuna cewa ba a taƙaita cancanta ga makin jarrabawa, kuma aikin gwamnati da ya haɗa kowane irin mutum shi ma ingancin aiki ne.

Na uku, ku dubi wanda ke cikin rami. Indiya ta haramta kwasar bayan gida da hannu a 1993, ta sake haramtawa a 2013, amma mutane ba su daina mutuwa cikin magudanan ƙazanta ba, har a 2023 Kotun Ƙoli ta ɗaga diyyar wanda ya mutu zuwa rufi miliyan 3. Mafi yawan masu shiga ramin nan Dalit ne. Magudanan kuwa injiniyoyi ke tsara su, su ke kuma cewa a sayi inji ko a tura mutum. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Ran da wanda ya taso a unguwar masu shara ya zauna kujerar sa hannu, muna tsammanin zai yi tunani sau biyu kafin ya tura ɗan unguwarsu cikin rami.

KATANGAR TAKARDA

Akwai wata katanga kuma da ba a cika maganarta ba, ita ce ta digiri da difloma. Yaro yana iya shiga makarantar koyon sana'a bayan aji 10, ya yi shekara 3 ya fito da difloma. Mai digiri kuwa sai ya gama aji 12, sa'an nan ya yi shekara 4. Kowa ya san ɗan wa ke gaggawar fitowa ya kama aiki don ya ciyar da gida. A 1973, cikin shari'ar Triloki Nath Khosa, Kotun Ƙoli ta amince da dokar Jammu da Kashmir wadda ta ce mai digiri kaɗai zai zama injiniya mai zartarwa, ko da shi da mai difloma kujera ɗaya su ke, aiki ɗaya su ke yi. A 1991 kuma, cikin shari'ar Suresh Nathan ta ma'aikatar ayyukan Pondicherry, kotu ta ce mai difloma da ya yi ƙoƙari ya sami digiri yana cikin aiki, shekara 3 da a ke bukata don ya shiga layin masu digiri sai a fara ƙirga su daga ran da ya sami digirin.

Ba mu raina ilmi ba. Lissafin babbar gada sai mai zurfin karatu. Amma in doka ta ce mai difloma ba zai taɓa wuce nan ba ko da ya shekara 30 yana aikin, alhali shi ke nuna wa sabon mai digiri inda ƙasa ke zaftarewa, ai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma kason da aka keɓe a sama bai amfani ɗan Dalit mai difloma da komai ba in dokar takarda ta riga ta tare shi a ƙasa. Sai a ce ba a sami wanda ya cancanta ba, kujera ta zauna ba kowa.

GYARA A CIKIN GIDA

Su ma masu cin kaso akwai maganar da za mu gaya musu. Bayan shekara 70 da wani abu, an sami gidajen Dalit da uba babban ma'aikaci ne, ɗa ya yi makarantar kuɗi a birni. In ɗan nan ya yi takara da ɗan mai jima na ƙauye a kan kujera ɗaya ta kaso, kowa ya san wanda zai ɗauka. A cikin azuzuwan nan masu kashi 27 an daɗe da cire masu hali, tun 2017 iyakar ita ce rufi 800,000 a shekara. A 2018 kotu ta ce ana iya yin haka ga Dalit da ƙabilu a wajen ƙarin girma. A 2024 alƙalai 7 suka ce jiha tana iya rarraba kason Dalit don na can ƙasa su sami rabonsu, waɗansu daga cikin alƙalan suka ba da shawara a cire masu hali, gwamnatin tarayya ta ce ba za ta cire ba. Masu ƙin cirewa suna cewa kuɗi ba ya wanke asali a idon mai ƙyama, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma mu ra'ayinmu, in abinci bai isa kowa ba, wanda ya kwana da yunwa a ke fara zuba wa.

Haka kuma dokar shugaban ƙasa ta 1950 ta ce Dalit ɗin da zai ci kason nan sai mai bin addinin Hindu. A 1956 aka ƙara mabiya Sikh, a 1990 aka ƙara mabiya Buddha. Wanda ya musulunta ko ya shiga Kirista ya fita daga jerin, ko da maƙwabtansa ba su daina ƙyamarsa ba. A 2022 gwamnati ta naɗa hukuma ta duba maganar. Mu a ganinmu wulakancin da mutum ke sha ya kamata a duba, ɗakin ibadarsa kuwa nasa ne.

Mafi muni duka shi ne gwamnatin da ke fakewa da shari'a ta ƙi ƙara wa kowa girma. A jihar Madhya Pradesh babbar kotu ta rushe dokar ƙarin girma a 2016, abu ya tsaya cik wajen shekara 9, mutane da yawa suka yi ritaya a inda su ke, Dalit da wanda ba Dalit ba. Sai a 2025 aka fito da sabuwar doka, ita ma aka kai ta kotu. Ga shi kuma kaso bai shafi kamfanonin 'yan kasuwa ba, saboda haka duk aikin da gwamnati ta sayar ko ta ba ɗan kwangila, kason da ke cikinsa ya tafi ke nan. Ƙananan ma'aikata suna ta faɗa a kan kujera, kujerun kuwa ana janye su ɗaya ɗaya ta bayan gida.

ABIN DA MU KE GANI

Kaso a ƙarin girma ya tsaya, har ran da ƙidaya ta nuna matakin ya daidaita, sa'an nan a tsaya a matakin. Kowace gwamnati ta yi ƙidayar nan a kai a kai, ta buga ta kowa ya gani, wadda ta ƙi ba da kaso ita ma ta kawo hujjarta. Jerin girma da dokar cancanta a liƙa su a bango, kada a sake su bayan gurbi ya faɗi don a yi wa wani ɗinki daidai wuyansa. Mai difloma a buɗe masa hanyar ƙaro karatu da jarrabawa yana cikin aiki. Wanda aka tsallake kuma kada a bar shi shekara da shekaru albashinsa na tsaye, a ƙara masa bisa daɗewarsa ko da kujera ba ta samu ba.

Mu ma nan Nijeriya muna da namu rabon. Tun tsarin mulkin 1979 aka ce a raba muƙaman tarayya yadda kowane sashe zai ga nasa, a 1996 aka kafa hukumar da za ta kula da haka. Amma namu da sunan jiha a ke rabawa, ba wanda ke tambaya ɗan wa ya ɗauki rabon jihar, ɗan mai rumfa ne ko ɗan mai gari. Indiya da duk rikicinta ta kai ga yin wannan tambaya a gaban alƙali. Saboda haka, 'yan'uwa, duk ran da aka zo muku da albishir cewa jiharku ta sami kujera, ku yi murna, sa'an nan ku tambayi sunan uban wanda ya hau ta. Allah ya taimaki mai gaskiya, amin.